Labarin Nasarar Makarantun Gwamnati: A Riƙa Faɗin Inda Yara Suka Taso Da Waɗanda Suka Yi Aikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin nasarorin ɗalibai da ƙoƙarin ma'aikata a makarantun gwamnati na manyan birane, domin na lura cewa salon da aka saba bi, a jaridu da kuma a sanarwar da hukumomin ilimi ke fitarwa, yana tsallake mafi yawan abin da ya kamata iyaye su sani.

Duk ƙarshen shekarar karatu kusan abu ɗaya ake maimaitawa. Hukumar da ke kula da makarantun birni za ta fitar da jerin sunaye: yarinyar da ta fi kowa maki a jarrabawar kammala sakandare, yaran da suka ciyo kofi a gasar muhawara ko kacici-kacici, ƙungiyar ƙwallon da ta yi zarra, da wanda ya samu gurbin karatu kyauta a wata babbar jami'a. Sai a ɗauki hoto, shugaban hukuma a tsakiya, shugaban makaranta a gefensa, yaran kuma suna riƙe da takardun yabo. Ba na adawa da wannan ko kaɗan, domin yabon gwani ya zama dole, kuma yaron da ya fito daga gidan da ba wanda ya taɓa zuwa jami'a, ya yi karatu a aji mai cunkoso har ya doke 'ya'yan masu hali, ya cancanci a buga hotonsa a shafin farko. Sai dai hukumar da ke riƙe da amanar dubban yara ba za ta nuna goma daga cikinsu ta ce ta sauke nauyi ba, jarida kuma bai dace ta karɓi wannan jeri ta buga shi kamar shi ne cikakken rahoto ba.

Abu na farko da ake tsallakewa shi ne inda yaran suka taso. A 1966 aka fitar da wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin jagorancin James Coleman, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya kuma nuna cewa bambancin makin yara ya fi bin yanayin gidajen da suka fito a kan gine-gine da kayan aikin makarantunsu. An daɗe ana jayayya a kan wasu sassan binciken, amma duk malamin da ya riƙe alli ya san gaskiyar da ke cikinsa. Makarantar da ke unguwar masu hali, inda yaro ke komawa gida ya tarar da littattafai da fitila da wanda zai duba masa aikin gida, za ta iya fitowa ta ɗaya kowace shekara ko da malamanta ba su yi wani abin a zo a gani ba. Wadda ke unguwar marasa ƙarfi kuwa, inda rabin aji ke zuwa bayan sun yi wa iyayensu aiki tun asuba, za ta iya yin aikin da ya ninka na waccan, ta kuma ƙare a ƙasan jeri. Idan maki tsantsa aka buga, to, gidajen yaran aka auna, aka miƙa wa makaranta yabon ko zargin.

Birnin Shikago na Amurka ya isa misali. An daɗe ana kallon makarantun gwamnatinsa a matsayin waɗanda suka gaza, saboda mafi yawan ɗalibansu 'ya'yan marasa ƙarfi ne kuma makinsu yana ƙasa da matsakaicin ƙasar. A 2017 wani masani na Jami'ar Stanford, Sean Reardon, ya sake duba alƙaluman ta wata fuska: ya bi yaran daga aji uku zuwa aji takwas, yana auna yawan abin da suka ƙaru da shi. Sai ga shi a cikin shekara 5 sun samu ci gaban da ya kai kwatankwacin karatun shekara 6, abin da ya sa birnin ya wuce kusan kashi 96 cikin 100 na gundumomin makarantun Amurka wajen saurin koyo. Yaran nan ne dai, malaman nan ne dai, jarrabawar ma ita ce. Tambayar da aka yi wa alƙaluman ce kawai ta sauya. Da ɗan jarida ya tsaya a kan jerin maki, da ya ci gaba da rubuta cewa malaman birnin ba sa aiki, alhali suna cikin waɗanda suka fi kowa aiki a ƙasar.

Wani darasin daga wannan birni ya fi kusa da abin da nake son jawo hankali a kai. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun nuna a 2005 cewa ɗalibin da ya gama shekararsa ta farko a babbar sakandare ba tare da ya faɗi fiye da darasi ɗaya daga cikin manyan darussa ba, ya kuma tara adadin darussan da ake buƙata, damarsa ta kammala makaranta a kan lokaci ta ninka ta wanda bai yi hakan ba fiye da sau uku. Sun kuma gano cewa fashin makaranta yana cikin manyan abubuwan da ke sa yaro ya faɗi a wannan shekara. Da makarantun birnin suka ɗauki maganar da muhimmanci, sai suka riƙa bibiyar 'yan ajin farko tun makonnin farko na zango, ana duba wanda ya fara fashi da wanda makinsa ya fara sauka, ana neman iyayensa kafin abu ya yi nisa, kuma yawan masu kammala sakandare a birnin ya ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya.

To, wa ke yin irin wannan aiki? A nan ne nake ganin an yi tuya an manta da albasa. A wata makaranta da na koyar, akwai wata akawu da aikinta a takarda bai wuce tattara rajistocin azuzuwa da buga wasiƙu ba. Kowace safiya, bayan an kira suna, takan jera rajistocin a kan teburinta, ta bi layi-layi da bakin biro, duk sunan da ta ga an yi masa alamar fashi kwanaki a jere sai ta rubuta shi a wata ƙaramar takarda ta miƙa wa malamin ajin, idan kuma malamin ya yi sanyin jiki ta kai wa shugaban makaranta da kanta. Ta haka aka gano yarinyar da aka tsayar a gida tana jinyar mahaifiyarta, da yaron da ya daina zuwa saboda wasu manya suna tare shi a hanya. Yaran sun dawo, wasunsu sun kammala, amma ban taɓa jin an ambaci sunan wannan baiwar Allah a wani taron yaye ɗalibai ba.

Haka maigadin da ya san fuskar kowane yaro, ya san wanda ke fita kafin a tashi da wanda baƙo ke jira a bakin ƙofa. Haka mai sharar da ke tsaftace banɗaki, wanda idan ya daina aiki mako guda manyan 'yan mata za su fara zama a gida wasu kwanaki na kowane wata, ba kuma wanda zai faɗi dalili. Akwai mai kula da ɗakin karatu, da mai shirya kayan ɗakin gwaje-gwaje, da mai dafa abinci a inda ake ciyar da yara, da malamin yara masu buƙata ta musamman, wanda nasararsa ta shekara guda tana iya zama yaro ɗaya da ya iya rubuta sunansa. Ko a cikin malaman aji, yabo yakan tafi ga wanda ya karɓi yara a shekarar jarrabawa, a manta da malamar aji ɗaya da ta koya musu haɗa baƙi da wasali shekaru da yawa kafin nan.

Wannan malama ta aji ɗaya ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa, kuma bayan rufe makarantu na lokacin annobar korona ƙiyasin ya haura zuwa kashi 70 a 2022. A irin wannan hali, babbar nasarar da hukumar makarantu za ta iya kawowa ita ce ta ce kaza daga cikin yaranmu ba su iya karatu a bara, bana sun iya. A biranen Mumbai da Vadodara na Indiya, wata ƙungiyar ilimi mai zaman kanta, Pratham, ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni, waɗanda iliminsu bai wuce sakandare ba, suna ware yaran aji uku da huɗu da aka bari a baya suna koya musu karatu da lissafi na awa biyu a kullum. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa a 2007 ya nuna cewa makin yaran ya ƙaru, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana. Masanan biyu sun samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. 'Yan matan da suka zauna da yaran kuwa, da wuya a samu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Dole kuma in faɗi haɗarin da ke tattare da yabon maki ido rufe. A birnin Atlanta na Amurka makin jarrabawa ya yi ta hawa shekara da shekaru, har aka ba shugabar makarantun birnin lambar gwarzuwar shekara ta shugabannin makarantun ƙasar a 2009. Wata jaridar birnin ce ta fara nuna cewa hawan ya yi yawa har hankali ba zai ɗauka ba, kuma binciken da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, ciki har da goge amsoshin yara a gyara musu bayan an tashi daga jarrabawa. A 2015 kotu ta samu 11 daga cikinsu da laifi. An ɗaura aikin mutane da ladansu a kan maki, an kuma ƙi sauraron uzuri, sai wasu suka nemi makin ta kowace hanya. Waɗanda suka fi cutuwa su ne yaran da takarda ta nuna sun iya, saboda haka aka hana su taimakon da suke buƙata. Abin lura ga masu sana'arka, Malam Edita, shi ne 'yan jarida ne suka tono wannan, saboda sun ƙi karɓar sanarwar hukuma yadda aka miƙo ta.

Akwai kuma inda aka tsara yabon da hikima. Garin Sobral da ke jihar Ceará a arewa maso gabashin Burazil, yankin da ke cikin mafi talauci a ƙasar, ya auna yaransa a farkon shekarun 2000 ya tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba su iya karatu ba. Hukumar garin ta fito ta faɗi wannan a fili, ta sa iya karatu ya zama burin farko, ta daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa ta koma zaɓe bisa cancanta, ta kuma riƙa horar da malamai a kai a kai tare da auna yara ta hannun waɗanda ba su suka koyar da su ba. Daga matsayi na 1,366 a ma'aunin ilimi na ƙasar a 2005, garin ya zama na ɗaya a 2017. Jihar kuma ta kafa wata kyauta da ta fi burge ni: makarantar da ta yi fice tana samun kuɗi, amma ana riƙe wani kaso sai ta haɗa kai da wata makaranta mai rauni ta taimaka mata ta ɗaga. Da wannan tsari, shugaban makarantar da ta ci kyauta ba shi da dalilin ɓoye dabarunsa.

Saboda haka roƙona ga jaridarka shi ne, duk lokacin da wata hukumar ilimi ta aiko da jerin gwanayenta, a buga shi, amma wakilinka ya bi ta da tambayoyi. Yara nawa suka shiga ajin farko, nawa kuma suka kai ga zana jarrabawar, ina sauran suka tafi? Wace makaranta ce ta fi ɗagawa daga inda take a bara, ko da har yanzu tana tsakiyar jeri? Idan maki ya yi tsalle a shekara ɗaya, me aka sauya a cikin aji da zai bayyana tsallen? Sa'an nan ya je makarantar da ƙafarsa, ya tambayi yaran da kansu wa ya taimake su, domin sunayen da za su ba shi sau da yawa ba su ne ke cikin sanarwar ba. Tun 1994 ake bikin Ranar Malamai ta Duniya a kowace 5 ga Oktoba, kuma ina ba da shawarar a wannan rana jaridarka ta ware shafi guda ga malaman ƙananan azuzuwa da akawu da maigadi da mai shara na makarantun gwamnati, a ji daga bakinsu yadda suke aikin, da abin da ke hana su yin sa yadda suke so.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta