Masu Sayen Manyan Had Disk Na Kamfanoni A Farashin Rangwame, Ku Ɗan Saurare Ni

Assalamu alaikum Edita,

Ina gaishe ka da sauran abokan aikinka, Allah ya ƙara basira da juriya. Abin da ya sa na zauna na rubuto maka shi ne wata magana da ta daɗe tana cina, kuma kwanan nan mutum uku daban daban sun tambaye ni a kanta, kowa da irin tallan da ya gani, wai ga had disk, wato faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, mai cin terabait 16 ko 18 irin na manyan kamfanoni ana sayarwa kusan rabin kuɗin sabo, shin ya saya ko kar ya saya. Ni na saya, har yanzu ina amfani da su, ban yi nadama ba, amma akwai abubuwan da in da wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko da ban sha wahalar da na sha ba, shi ya sa nake roƙon ka ba ni ɗan fili.

Ba son kayan kwamfuta ne ya kai ni ba, asara ce. Ina da wani ƙaramin disk na tafi-da-gidanka mai terabait 2, a ciki na tara hotunan yara tun suna jarirai, da bidiyoyi, da wasu muryoyin mahaifinmu Allah ya jiƙansa da na ɗauka a waya lokacin yana jinya yana ba mu labarin ƙuruciyarsa. Wata rana na jona shi kawai sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas ƙas, kwamfuta ba ta ma gan shi ba. Na canja wayar jona shi, na canja kwamfuta, na kai wa mai gyara, abin da aka iya cetowa bai kai rabi ba kuma muryoyin Baba ba sa ciki. Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Daga ranar na ce ba zan ƙara ajiye abu a wuri ɗaya ba, to kuma wurin ajiya biyu kuɗi ne biyu, nan ne fa idona ya faɗa kan waɗannan na kamfanoni.

Ga wanda bai san su ba, kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera had disk, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma kowanne yana da jerin da yake yi musamman don manyan rumbunan ajiyar bayanai inda dubban faifai ke juyawa dare da rana ba kashewa. Na Seagate sunansa Exos, na Western Digital shi ne Ultrastar wanda asalinsa na HGST ne kafin su saye kamfanin a 2012, na Toshiba kuma jerin MG. An gina su don wahala, suna juyi 7,200 a minti ɗaya, masu ƙera su sun ce suna iya ɗaukar karatu da rubutu na terabait 550 a shekara, alhali na kwamfutar gida da yawa abin da aka ƙayyade musu bai wuce 55 ba. Manyan cikinsu iskar hiliyam ce a rufe a ciki maimakon iskar da muke shaƙa, HGST ne suka fara fito da wannan a 2013 da wani mai terabait 6, saboda hiliyam ba ta da nauyi sai a iya jera faranti da yawa a gida ɗaya kuma zafi ya ragu. Sabo fil yana zuwa da garantin shekara 5. Kaya ne na gaske, wannan ba gardama.

To me ya sa suke araha? Nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido, don ba duka ne iri ɗaya ba ko da hoton tallan iri ɗaya ne. Akwai wanda aka mayar wa kamfanin da ya ƙera shi, suka duba suka gyara suka sake liƙa masa takarda, za ka ga an rubuta "recertified" a jikinsa, wannan shi ne ya fi kwantar mini da hankali. Akwai wanda wani ɗan kasuwa ne ya saya da yawa daga rumbun da suka sabunta kayansu, ya goge shi ya gwada ya sa a kasuwa, yawanci shi ake kira "refurbished", kuma gyaran nasa sau tari bai wuce gogewar ba. Akwai kuma wanda aka ciro kawai daga saba, wato babbar kwamfutar rumbun, aka sa a leda. Rumbunan nan sukan sauke faifai bayan wasu shekaru ko da lafiyarsu ƙalau, don sun sami masu cin kaya fiye da su, ka ga ba lallai araha ta zama alamar ciwo ba, amma lissafa da kanka, shekara ɗaya awa 8,760 ce, wanda ya yi shekara 4 yana juyi ya haura awa 35,000. Garantin da za ka samu kuma galibi na mai sayarwa ne ba na kamfani ba, saboda haka ka tambaye shi wata nawa ne, kuma ya rubuta maka. Idan an ce maka sabo ne, ɗauki lambar da ke jikinsa ka sa a shafin duba garanti na kamfanin, minti biyu ne.

Kuskuren da na ga ya fi kama mutane tun kafin a je ko'ina shi ne bakin jonawa. Akwai SATA akwai SAS, a hoto kamar ɗaya suke, kuma na SAS ya fi araha sai mutum ya ruga ya saya, ya zo gida waya ta ƙi shiga. SAS ba ya aiki a kwamfutar gida sai ka sayi wani kati na musamman da ake kira HBA. In ba ka san kana buƙatar SAS ba to ba ka buƙatarsa, SATA za ka nema. Haka kuma a salon rubuta bayanai a faifan, in ka ga an rubuta HM-SMR ka wuce abinka, wancan sai manhajar da aka tsara dominsa, ka nemi CMR, salon da aka saba. Sannan a tsarin yadda aka raba faifan gida gida, tsakanin 512e da 4Kn ka ɗauki 512e, shi ne ba ya rigima da tsofaffin kaya.

Ni abin da ya same ni daban ne. Ranar da na farko ya iso na buɗe kwali hannuna har rawa yake, mai terabait 16, da nauyi kamar ƙaramin bulo, na ɗaura shi a cikin kwamfuta na jona wayoyi biyu na kunna, shiru. Na ɗora tafin hannu a bayansa ko zan ji motsi, sanyi ƙalau ba ko alamar juyi. Na kwana ina tunanin an sayar mini da gawa. Washegari da na bincika sai na gano ashe wasu daga cikin irin waɗannan faifan suna da wani tsari da ake kashe su daga nesa ta ƙafa ta 3 a bakin wutar SATA, in akwatin wutar kwamfutarka na tsohon yayi ne yana tura bolt 3.3 ta wannan ƙafar, to shi faifan sai ya ɗauka umarni ake ba shi ya zauna a kashe. Na yanko ɗan siririn tef mai jure zafi da reza, faɗinsa bai kai ƙwayar ashana ba, na sa tabarau na ƙirga ƙafafun daga gefen da yake da lanƙwasa, ɗaya biyu uku, na liƙe ta ukun na mayar da waya. Ina danna maɓalli sai na ji wuuuu yana tashi a hankali sannan ƙar ƙar ƙar, Edita ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi da ƙarfi ba har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar lafiya. Wanda ba ya son wasa da tef zai iya amfani da wayar da ke juya Molex, wato tsohon bakin wuta mai ƙafa huɗu, zuwa SATA, ita ba ta ɗauke da wannan wutar gaba ɗaya.

Bayan ya tashi kar ka yi gaggawar zuba kayanka, nan ne nake roƙon mutane su yi haƙuri. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa da ake kira SMART, a Windows manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka kyauta, a Linux kuma smartctl. Layi huɗu nake dubawa, na 9 shi ne awannin da ya yi a kunne, na 5 wuraren da suka lalace har aka sauya su, sai 197 da 198 su kuma wuraren da ke shirin lalacewa ko aka kasa karantawa. Waɗannan ukun na ƙarshe sifili nake so in gani. Daga nan sai gwaji mai tsawo, a rubuta a kowane lungu na faifan a sake karantawa, kuma wannan ba aikin awa ɗaya ba ne, faifai mai gudun megabait 250 a daƙiƙa sai ya yi kusan awa 18 kafin ya zagaye terabait 16 sau ɗaya, a aikace ma ya fi haka don yana rage gudu in ya nufi ciki. Na biyun da na saya ranar farko komai sifili, kore shar, a kwana na biyu na gwaji sai layi na 197 ya nuna 8, da yamma ya koma 24. Na ɗauki hoton allon na tura wa mai sayarwa, ya ɗan ja magana amma da yake ina cikin kwanakin mayarwa ya canja mini. Da na zuba hotunan yarana a kai na goge na waya, da yanzu wani labarin nake ba ka.

Kuma ko SMART ɗin ma ana iya yi masa wanka. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Jamus mai suna heise ta fallasa cewa an sayar wa mutane da dama faifan Seagate Exos a matsayin sababbi alhali tsofaffi ne da suka yi dubban awanni suna aiki, wasu 'yan damfara a hanyar kasuwanci ne suka mayar da agogon SMART sifili, ana kuma zargin daga wuraren haƙar kuɗin intanet na Chia suka fito, wanda ya sa aka yi rububin sayen manyan faifai a 2021. Abin da ya tona asirin shi ne faifan Seagate suna da wani littafin tarihi na biyu mai suna FARM, kuma smartctl daga siga ta 7.4 yana iya karanta shi, sai a ga SMART ya ce awa kaɗan FARM kuma ya ce dubbai. In ka sayi Exos ka gwada lambobin biyu. Ni ba na ƙin tsohon faifai, ai sanin tsoho ne ya sa na saye shi da araha, abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar mini da tsoho a kuɗin sabo.

Sai zaman gida da su, wanda masu talla ba sa faɗa. Suna da ƙara, ba a yi su don ɗakin kwana ba, da dare in gida ya yi tsit za ka riƙa jin tuk, tuk lokaci lokaci ko da ba ka taɓa komai, lafiyarsu ce haka. Suna son iska, in ka cusa su a akwati ba fanka za su yi zafi, ni nakan so in ga suna ƙasa da digiri 45. Masu inci 3.5 ne, wutar USB kaɗai ba ta tada su, sai da adafta mai bolt 12. Kuma ɗaukewar wuta ana tsaka da rubutu ba ta yi musu daɗi, UPS ko ƙarami ne yana cikin lissafi. In ka jona ka ga Windows ya nuna 14.5 maimakon 16 ba a cuce ka ba, bambancin ƙirga ne, in kuma ya nuna terabait 2 kacal to ka yi masa fomatin da sabon tsarin raba faifai na GPT maimakon tsohon na MBR.

Amma ainihin abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Duk ukun da suka tambaye ni guda ɗaya suke son saye, babba, su kwashe komai na waya da filas da tsofaffin disk su zuba a ciki su huta. Wannan shi ne kuskuren da na yi da mai terabait 2, sai dai yanzu asarar za ta ninka sau takwas. Kamfanin ajiyar bayanai a intanet na Backblaze da ke wallafa alƙaluman mutuwar faifansu tun 2013 ya nuna kowane iri yana mutuwa, ba wanda ya tsira, bambancin kawai yawa ne. Amfanin arahar nan a wurina shi ne kuɗin sabo ɗaya ya kusa saya maka biyu, to ka sayi biyun, in da hali ma ba daga wuri ɗaya ko rana ɗaya ba don kar su zama 'yan gida ɗaya masu ciwo ɗaya. In kuɗinka na mai 18 guda ɗaya ne, gara ka sauko ka ɗauki masu 10 ko 12 guda biyu. Kuma haɗa su su zama madubin juna, wato RAID 1, yana taimako in ɗaya ya mutu, amma in ka goge fayil bisa kuskure ko ƙwayar cuta ta kulle maka kaya to duka biyun abin zai shafa a lokaci guda, shi ya sa masana ke cewa kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban.

Ni yadda nake yi yanzu, ɗaya yana cikin kwamfuta, ɗayan yana cikin kwalinsa da soso a gidan ƙanena, duk ƙarshen wata in karɓo shi in kwafa abin da ya ƙaru in duba layukan nan huɗu in mayar masa. Hotuna da takardun da ba zan iya sake samu ba kuma, waɗanda ba su kai terabait ɗaya ba duka duka, suna da kwafi na uku a ma'ajiyar intanet. Watan jiya na zaunar da mahaifiyarmu na ɗauki muryarta kusan awa biyu tana ba jikokinta labari, kafin in kwanta a daren sai da na tabbatar ta shiga wuri biyu, na ukun kuma ranar Asabar da zan je wurin ƙanen nawa.

Na gode Edita da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum