A daina loda fayil da hannu ta FTP

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu kula da kwamfutocin kamfani irina.

Shekara biyu ina loda jerin kayanmu daga saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, zuwa shafin intanet da hannu, kullum da sassafe. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shafin ya kwana uku da tsohon lissafi, masu saye suna ta neman kayan da suka ƙare.

Abin kunyar ma, da FTP nake yi, wato wani tsarin tura fayil tsakanin kwamfutoci. Tsarin nan tun 1971 yake, kuma tsirara yake tura kalmar sirri. Duk wanda ya laɓe a hanya zai karanta.

Yanzu na koma SFTP, mai bi ta SSH, hanyar da ke ɓoye abin da ake turawa, a ƙofar sadarwa ta 22. Maimakon kalmar sirri, makulli biyu nake amfani da su: na fili yana wajen shafin, na sirri bai taɓa barin sabarmu ba. Cron, manhajar da ke gudanar da aiki a lokacin da aka sa mata, ke tayar da aikin ƙarfe biyu na dare. Asusun lodin kuwa folda ɗaya tak na ba shi, ko an sace makullin iyakarsa ke nan.

Sai dai na'ura ba ta kuka in ta gaza. Na sa ta aiko mini da imel duk sanda lodi ya tsaya, sau biyu ke nan a watan nan.

Naka,
Mai karatu