Zuwa ga ɗana, kan hannunka da jinin mutane

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yayarka ta faɗa mini abin da ya faru a wurin hatsarin nan, kuma kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce kana dirowa daga motar asibiti ka tarar da mutum jini na tsartuwa daga cinyarsa, ka danne wurin da hannu haka nan, babu safa, har kuka kai shi asibiti. Wai abokan aikinka sai yaba maka suke yi. To, ni ban yaba ba.

Danne ciwon daidai ne. Jinin babban mutum gaba ɗaya kimanin lita 5 ne, idan babbar jijiyar cinya ta yanke, 'yan mintuna sun isa a rasa shi. A danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗaga bandeji ana leƙawa, idan ya ƙi tsayawa a ɗaure ƙafar tamau daga saman ciwon, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Haka na koya wa ɗalibai da ina aikin asibiti. Amma sa safar hannu daƙiƙa nawa yake ci? Tun kuna cikin mota ya kamata a ce tana hannunka, wata kuma tana aljihu.

Karatunka ba ya ba ni tsoro. Na san ko daga barci aka tashe ka za ka ce numfashin babba 12 zuwa 20 ne a minti, bugun zuciya 60 zuwa 100. Ka san danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya sau 100 zuwa 120 ne a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura iska 2. Abin da aka fara koya maka kafin duk waɗannan shi ne ka duba wurin, ka kare kanka, sannan ka taɓa majinyaci. Wannan ɗin ne ka tsallake.

Ciwon hanta nake tsoro, ɗana, nau'in B. Kana gidan nan lokacin jinyar kawunka, ka ga idanunsa, ka ga cikinsa, ba sai na ƙara ba. Kowa kanjamau yake gudu, alhali idan allurar mai kanjamau ta soki ma'aikaci, kusan mutum 1 cikin 300 ne ke kamuwa. Ta mai ciwon hanta kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, tana iya kaiwa 30 cikin 100. Ƙwayar cutar tana yin kwana 7 da ranta a busasshen jini, a kan gadon ɗaukar majinyaci, a kan almakashi, a ƙasan mota. Mai ɗauke da ita sau da yawa shi ma bai sani ba, kuma wanda ya suma a gefen titi ba zai ba ka labarin jininsa ba. Kai kuma ga cizon farce da ka ƙi bari, kullum gefen yatsunka a fashe. Ta nan take shiga.

Ka ce mini an yi muku allurar rigakafi. Guda nawa? Uku ce, cikin wata 6, kuma bayan ta ƙarshe da wata ɗaya ko biyu a gwada jini a ga ko ta kama. Na san halinka, ta farko za ka yi ka ce sauran sai ka samu lokaci. Nau'in C ma ba shi da rigakafi sam, safar nan ce kawai tsakaninka da shi.

Da na ƙi yarda ka shiga aikin nan, kai da mahaifinka kuka ce na cika tsoro. Ni ganau ce, ba jiyau ba. A ɗakin jinya mai haske, ƙasa ba ta motsi, na ga allura ta soki ƙwararru, balle a bayan mota tana gudu tana faɗawa rami, kana neman jijiya za ka sa wa mutum ruwa. Kada ka taɓa mayar wa allura murfinta, jefa ta a akwatin allurai nan take. Idan ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa, kada ka matsa, kada ka tsotsa, ka kai rahoto a lokacin. Maganin kariya daga kanjamau cikin awa 72 ake fara shi, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Idan kunya ta sa ka ɓoye, wallahi ni da kai ne. Tun kana ƙarami haka kake, ka ji ciwo ka yi shiru sai ya ruɓe. Ranar hatsarin nan ka je an duba ka kuwa?

Ba faɗa kaɗai na zo yi ba. Yayarka ta ce kana durƙusawa daidai fuskar majinyaci ka faɗa masa sunanka, kana neman izini kafin ka yanke masa riga, kana rufa wa mata jikinsu idan jama'a sun taru. Ta ce akwai wanda aka ɗauka maye yake yi, ka dage sai an auna masa suga, ashe sugansa ne ya sauka. Da na ji haka sai da na yi hawaye. Wannan ba kowa ke da shi ba, Allah Ya ƙara maka.

Ka ɗauki hoton katin rigakafinka ka turo mini a makon nan, ina son in ga ranakun allurai ukun da idona. Idan ba su cika ba, ka je ka cika kafin ka sake shiga motar nan. Mahaifinka yana gaishe ka.

Allah Ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka