Kafin a kai tsohuwar MGB filin baje koli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka domin 'yan uwanmu masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu, musamman mazauna Ingila da masu sayo irinsu su kawo gida. A Ingila kakar fito da tsofaffin motoci tana kankama ne a ƙarshen Afrilu, da ranar Lahadin da suke kira Drive It Day, ta ci gaba da tarukan ƙungiyoyi irin su MG Car Club da MG Owners' Club duk bazara, har zuwa babban baje kolin Birmingham a Nuwamba. Abin da ke ɓata wa sabon shiga rana a waɗannan taruka ba fenti ba ne. Mota ce da aka gama haɗawa ranar Alhamis, aka ɗora a hanya ranar Asabar, ta tafasa ko ta mutu a layin shiga fili, jama'a na kallo. Motar da ba ta ci hanya ba bayan gyara ba a gama ta ba tukuna, komai ƙyallinta.

Zan yi magana a kan MGB, motar kamfanin MG na Ingila, domin ita ce aka fi samu. An ƙera ta a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da guda dubu ɗari biyar, da inji mai silinda huɗu, cc 1798, kuma kayan gyaranta suna nan a kasuwa, har sabon jiki sukutum ana ƙerawa a Witney. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi sa'o'inta ma.

Sabon inji yana bukatar kilomita 800 kafin a ce ya zauna. Tashin farko, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na tsawon minti 20, kada a bar shi a silo, domin tafet ɗinsa mai shafaffen gindi ne, kuma a ƙaramin juyi baƙin mai ba ya fantsama sosai kan kamshaf. Nan ake cinye shi tun ranar farko. Baƙin man ya zama 20W50 irin na tsofaffin motoci mai sinadarin zinki. A cikin wannan kilomita 800 kada a wuce gudun kilomita 70 a awa, kada a take totur har ƙasa, kuma kada a bar injin yana nishi a babbar giya a kan tudu. Bayan nan a zubar da man, a canja filta, a sake ɗaure notocin tof silinda da sifanar awo, Nm 61 zuwa 68, daga tsakiya ana fita waje. Wannan ɗaurin ne mutane ke tsallakewa. Sabon gaskit yana lotsawa in ya sha zafi da sanyi, notocin su saki, ruwa ya fara tsatsafowa ta gefen fulogi. Kuma duk wanda ya taɓa notocin nan dole ya sake saita bawul, domin huɗu daga cikin notocin su ne ke riƙe da sandar roka, wadda ke danna bawul. Tazarar milimita 0.38 ce a injinan farko, injin na sanyi. Makanikai suna bin lissafin tara, wato jimillar lambobin bawul biyun ta zama tara: in bawul na 8 ya buɗe sosai a saita na 1, in na 7 ne a saita na 2, haka har ƙarshe. Agogon mai ya nuna psi 50 zuwa 80 a kan tafiya, 10 zuwa 25 a silo in inji ya yi zafi.

Jarrabawar gaskiya tana bakin ƙofar fili. Mota ta yi tafiyar awa guda iska na ratsa lagireto, sai ta tsaya cak a bayan motoci ɗari, tana matsawa taku biyar-biyar na rabin awa. A MGB kafiretoci guda biyu ƙirar kamfanin SU suna zaune ne daidai saman bututun hayaƙi, a gefe ɗaya na injin. In babu farantin kare zafi tsakaninsu, ko an mayar da shi ba tare da abin da ke manne a bayansa ba, fetur zai fara tafasa a cikin kofin kafireta, inji ya riƙa shaƙewa, ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Fetur na yanzu ya ƙara tsananta abin. Tun Satumbar 2021 fetur na gama-gari a Ingila E10 ne, mai etanol har kashi 10, wanda ke saurin tururi kuma yana cin tsohon tiyon roba. A sha E5, mai ƙarancin etanol, a kuma tabbata duk tiyon da aka sa na zamani ne mai jure etanol. A duba 'yan bututun da ke zubar da rarar mai daga kofunan: dole su gangara ƙasa su wuce bututun hayaƙi. Ƙwayar datti ɗaya daga sabon tanki ta isa ta maƙale allurar kofi, fetur ya yi ambaliya. In bututun yana wurinsa, ƙasa zai zuba. In an manta da shi, kan ƙarfe mai zafi zai zuba, kuma haka motoci ke ƙonewa. Saboda wannan a sa filtar mai kafin kafireta, a ajiye abin kashe gobara mai kilo 2 inda hannu zai kai daga kujerar direba, ba cikin but ba.

A wannan layin ne kuma ake kashe kulochi. Abin da ke tura kulochin MGB ba boris ba ne, zoben gawayi ne da ke gogar ƙarfe duk lokacin da ƙafa ke kan feda. Wanda ya saba da motar zamani zai tsaya da giya a ciki, ƙafa a danne. A fitar da giya, a ɗauke ƙafa. In zoben ya cinye, sai an fito da inji kafin a kai gare shi.

Hanyar gane ko mota za ta jure layi mai sauƙi ce: bayan doguwar tafiya a dawo gida, a bar ta a silo minti 30 a tsaye, ido a kan agogon zafi. In allura ta haura ta tsaya, babu laifi. In ta ci gaba da hawa, a duba fanbel, a duba ko an juya fanka baya-gaba wajen haɗawa, a duba marfin lagireto ko na shekarar motar ne, a duba taimin, domin wutar da ta makara tana dafa inji. Ga masu motar a Kano ko Kaduna ko Yamai ina da roƙo: kada a cire tamostat a jefar kamar yadda aka saba. Akwai mai buɗewa a digiri 74 maimakon 82, shi ne na ƙasar zafi. In an cire shi gaba ɗaya zagayen ruwa yana canjawa, kuma silindar baya ce ke fara shan wuya. Ruwan lagireto ya zama an gauraya shi da maganin tsatsa irin na da, wanda ya dace da tagulla.

Sai ƙafar mota, kuma a nan kuskure yana kisa. MGB mai rim na wayoyi ba ta da notoci huɗu. Babban noti ɗaya ne a tsakiya da ake bugawa da guduma mai kan tagulla ko dalma ko fata. Zarensa ba iri ɗaya ba ne a gefe biyun. Na hagu zaren dama ne, na dama zaren hagu, domin juyawar taya gaba ta riƙa ƙara ɗaure shi. Kowane noti an rubuta gefensa a jiki, da kibiyar da ke nuna hanyar kwancewa. In mai gyara ya musanya hob, wato ƙarfe mai haƙora da rim ke shiga kansa, na hagu da na dama, komai zai shiga daidai, komai zai ɗauru, amma tafiya za ta riƙa kwance notin har taya ta fita. A duba wannan da ido kafin motar ta bar gareji. Haƙoran hob su sha giris kaɗan, a ɗaure notin taya na sama a kan jak, a sake bugawa bayan kilomita 50 na farko. In ana jin ƙwas daga baya lokacin tashi ko taka birki, haƙoran sun cinye, kuma sabon rim a kan tsohon hob ba ya magance shi. Tayar kanta a karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Taya mai shekara goma ta ƙeƙashe ko da zanenta bai taɓu ba.

Birkin yawancin motocin farko layi ɗaya ne, wato ɗigo a wuri ɗaya ya raba mota da birki duka huɗu. A danne feda da ƙarfi na daƙiƙa 30. In tana nutsewa a hankali, motar ba ta fita. A bi kowace mahaɗa da farin tsumma. Man birki DOT 4 yana cin fenti cikin mintuna, don haka a zuba shi da tsumma a kewaye da ruwa a kusa. Notocin bushin na ƙafa kuwa ba a ɗaure su sai nauyin mota na kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage, motar kuma ta tsaya a karkace. Dokar Ingila ta ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 gwajin lafiya na shekara-shekara, amma ni a ganina motar da aka warware aka sake haɗawa ita ta fi kowace bukatar idon wanda ba shi ya haɗa ta ba. A kai ta a biya.

Wuta ba ta da wahala in an san launin wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir ba fis, fara ta makulli, koriya ta makulli mai fis, baƙa ta jiki. Sabon fenti shi ke hana baƙar waya taɓa ƙarfe, shi ya sa fitilu ke rikicewa a motar da aka gama fesawa. A kankare wurin, a ɗaure, a shafa giris. Motocin da aka yi kafin ƙarshen 1967 bangaren fulos na batir ne ke haɗe da jiki, akasin na yanzu, kuma an juya da yawa daga baya. A manna takarda kusa da batir da ke faɗin wanne ne, domin a fili mai son taimako da wayar jona batir ba zai tambaya ba. A but a sa kwantak da kwandansa da rota, fanbel, fis, litar baƙin mai, ruwa, da gudumar rim. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk wani saiti a gama shi mako guda kafin taro, a yi tafiya a kansa.

Goge-goge ba ya bukatar dogon bayani. Sabon fenti kada ya ga kakin goge mota sai ya yi wata biyu zuwa uku, ko abin da mai fentin ya ce. Kada a share ƙura a bushe, balle ta hunturu. A jiƙa, a ɗauke da tsumma mai laushi. In baje kolin na cikin zaure ne, yawanci za a nemi mai kaɗan a tanki, a cire kan batir, a sa faranti ƙarƙashin inji. In a ciyawa ne, a lura da busasshiyar ciyawa ƙarƙashin salansa mai zafi. Bonet ɗin motocin farko na alminiyom ne, tafin hannu ɗaya a tsakiyarsa ya isa ya lotsa shi, saboda haka mai mota ya rufe abinsa da kansa. Haka nan a hana baƙi jan ƙofa ta ƙaramin gilashin gaba, domin daidai gindinsa ne fatar ƙofar MGB ke tsagewa.

Masu alƙalanci da tsofaffin hannu suna duban daidaito da shekara. Injin da aka yi har zuwa 1971 ja ne mai duhu, na bayansa baƙi. Hannun ƙofa irin wanda ake jawowa ya tsaya a 1965. Bamba ta roba ta shigo a ƙarshen 1974, aka kuma ɗaga motar sama. Gidan tarihin motoci na Gaydon yana bayar da takardar shaida daga kundin masana'anta, mai ɗauke da ranar ƙira da launin asali, kuma ita ce ke raba gardama. Wanda ya kawo tasa gida Najeriya, inda aka koma tuƙi a hannun dama tun 1972, galibi ta Amurka zai nema mai sitiyari a hagu. Ya sani cewa daga 1975 kafireta ɗaya aka sa wa na Amurka, in ya mayar da biyu ya rubuta. A allon da za a jingina gaban mota a faɗi shekara, da abin da aka canja: in sabon jiki ne a ce sabo ne, in bambar roba aka mayar ta ƙarfe a ce haka, in launin ba na asali ba ne a faɗa. Mutanen da ke zuwa irin wannan taro suna karanta lambar jiki, sun san GHN3 daga GHN5, wato farkon lambar da ke nuna zubin motar, kuma suna girmama aikin da aka bayyana. A ajiye kundin hotunan gyaran a kan kujera, musamman na waldar gefen ƙasa tsakanin tayoyi kafin a rufe ta, domin MGB ba ta da shasi dabam, wannan wurin shi ke ɗauke da ƙarfinta, kuma bayan fenti hoto kaɗai zai nuna abin da ke ciki.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani makanikin tsofaffin motoci, Ingila