Masaukin Umara: a tambayi mita, ba minti ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja kunnen masu niyyar Umara kan zaɓen otal a Makka.

Azumin bara na raka Hajiyarmu, mai fama da ciwon gwiwa. Ejan ɗinmu ya rantse mana cewa minti 5 ne zuwa Harami. Ashe a mota yake nufi, shi ma in babu cunkoso! Unguwar Aziziyya, can nesa da Harami, aka sauke mu. Kullum sai mun bi layin bas, bayan Tarawihi kuwa ba a magana. Na ga tsohuwar nan zaune a bakin titi, takalmanta a hannu, tana haki. Daga rana ta 4 a ɗaki ta riƙa yin sallah.

Kafin a biya ko sisi, a karɓi sunan otal ɗin a rubuce, a duba Google Maps a ga mita nawa ne. Ko a kusa da Harami, Titin Ibrahim Khalil a shimfiɗe yake, amma wasu otal-otal na unguwar Ajyad a kan tudu suke, hawansu sai mai ƙafa. A tambayi mutum nawa ne a ɗaki, kuma lif nawa ne. Namu 2 ne kacal, ga bene hawa 15.

Naka,
Wani mai karatu daga Gusau