A kula da ɗaliban da ke tarbar sabbin shiga a jami'o'inmu

Ya Edita, assalamu alaikum. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasu yara da ake mantawa da su duk lokacin da aka buɗe sabon zango, wato ɗaliban da suke sa kai su tarbi sabbin shiga, waɗanda wasu makarantu ke kira jakadun jami'a.

Duk wanda ya taɓa shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero (BUK) da ke kan titin Gwarzo a makon rajista ya san yadda abin yake. Yaro ya taso daga Gumel ko Malumfashi ko Azare, bai taɓa ganin makaranta mai girman gari guda ba, ga fayil a hannu, an ce ya biya ta Remita, ya je sikirinin, wato tantance takardu, ya je asibitin makaranta, ya nemi mai kula da ajinsu ya sa masa hannu a fom ɗin kwasa-kwasai, sannan ya yi fafutukar gado a hostal, duk a kwana kaɗan kuma babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga na farko ga na biyu. To su wa ke kama hannunsa? Ɗalibai ne 'yan uwansa, 'yan aji biyu da aji uku, wasu daga ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN), wasu daga ƙungiyoyin ɗaliban Kirista, wasu na ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta sashe. Su kafa tebur a gindin bishiya tun safe, su yi ta bayani ɗaya sau ɗari, wani ma ya ɗauki baƙo ya kwana a ɗakinsa kafin ya samu wuri. Ba a biyansu ko sisi, kuma lakcarsu na wucewa.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin nasu ya wuce nuna hanyar ofis. Tun 2017 JAMB ta kawo CAPS, wato tsarinta na bayar da gurbin karatu ta intanet, kuma ta sha faɗa cewa gurbin da aka bayar ba ta nan ba ba ta san da shi ba. Yaran karkara da yawa ba su san dole sai sun shiga sun karɓi gurbin da kansu ba, ko cewa sai an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a fotal. Wani sai ya gama karatu, lokacin tafiya bautar ƙasa, sannan matsalar ta ɓullo, a lokacin kuwa gyara ya yi wuya. Haka ma bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye a ba shi naira 20,000 duk wata na kashewa, amma wallahi har yanzu akwai iyayen da ba su taɓa jin labarinsa ba, wasu kuma suna tsoron ko riba ce. Ɗalibin da ya cike fom ɗin bashin da hannunsa shi ya fi kowa iya yi wa uba bayani da Hausar da zai gane.

Matsalar ita ce tunda babu tsari, 'yan damfara suna fakewa a cikinsu. Mutum zai rataya kati a wuya ya ce shi mai taimako ne, ya karɓi kuɗin yaro wai zai samo masa gado ko ya biya masa rajista, shi ke nan an rabu. 'Yan mata kuma nasu ya fi muni, wani taimakon lambar waya kawai yake nema.

Don haka ina kira ga shugabannin sashen kula da harkokin ɗalibai su ɗauki abin nan da gaske. A tantance masu sa kai, maza da mata, a ba su horo ko na kwana biyu ne, a ba su riga da katin shaida mai hoto, a manna sunayensu a allon sanarwa, a kuma faɗa wa kowa ƙarara cewa jakada ba ya karɓar kuɗi. In sun gama a ba su satifiket da za su nuna wurin neman aiki, ai ba wani kuɗi zai ci ba.

Sannan lokacin hutu a tura su sakandaren garuruwansu, musamman na 'yan mata, su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin NIN da haɗin darussan JAMB tun kafin a sayi fom. Ƙananan hukumomi za su iya ɗaukar kuɗin motarsu, kuma ina roƙon wakilan jaridarka su leƙa makarantu a makon rajista mai zuwa su tattauna da yaran nan.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi, daga Kano