Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano Kan Tamowa A Unguwannin Birni

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Da an ambaci tamowa sai hankali ya tafi ƙauye, alhali a lungunan Kurna, Rimin Kebe da Dorayi akwai gidajen hayar da ba rumbu ba akuya, ruwan dama koko ma a wurin mai garuwa ake saye. Yaro ya wuni kan koko zalla, gudawa ta zo ta wanke ɗan abin da ya shiga cikinsa.

Muna roƙon a raba wa iyaye mata ma'aunin damtse, wato tef mai launuka da ake auna kaurin damtsen yaro da shi, a koya musu aiki da shi. Ga ɗan wata 6 zuwa 59, awon da ya gaza santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, tamowa matsakaiciya ke nan. A kuma danna saman ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa, a kai shi asibiti a ranar.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne yankewar abincin magani na RUTF, kwaɓin gyaɗa da madara a leda da ake ba yaro mai tamowa mai tsanani. Katan ɗaya ƙunshi 150 ne, kusan abin da yaro guda ke bukata cikin mako shida zuwa takwas. Uwar da ta biya kuɗin adaidaita sahu sau biyu aka ce mata babu, da wuya ta sake dawowa, yaron da ya fara murmurewa sai ya koma gidan jiya. In an samu ma, a ɗaki ɗaya mai yara biyar yaya uwa za ta hana yayyensa lasa? Ba laifinta ba ne, yunwa ce. Shi ya sa ya kamata a haɗa wa gidan da garin Tom Brown: mudu shida na gero ko dawa, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa, a soya, a niƙa tare. A kuma riƙa karɓar ledojin da aka shanye kafin a ba da sabbi, don rage masu zarcewa kasuwa.

Tsumburewa kuwa ba ta fitowa a damtse, sai an gwada tsawo, kuma bayan shekara biyu da wuya a gyara ta. A sa allon awon tsawo a kowane ɗakin rigakafi, tare da bitamin A duk wata shida, da ORS (ruwan gishiri da sukari) da kuma maganin zinc na kwana goma zuwa sha huɗu ga mai gudawa.

Ranka ya daɗe, a ware kuɗin RUTF a kasafin jiha, a kuma sake su tun kafin damina, lokacin da gudawa da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya a matakin farko, Kano.